Na Je Doha Jego, Na Dawo da Tagalog

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a islamiyya, har a bakin injin markaɗe: "Rabi, ya Doha?" Wasu da zuciya ɗaya suke tambaya. Wasu kuwa so suke in yi musu yaren nan su samu abin dariya, don labari ya riga ni isowa Malumfashi cewa na je ƙasar Larabawa ban koyo Larabci ba, na koyo yaren masu aikatau. To na gaji da maimaitawa. Tunda Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya riƙe biro, zan rubuta sau ɗaya. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ɗana na fari, wanda kowa ke kira Injiniya, a Doha yake aiki a kamfanin gas. Can ya auri wata nas 'yar ƙasar Filifin. Sunanta na gida Maricel, ta musulunta tun kafin su haɗu ta koma Maryam. Malam, mahaifinsa, ya rasu kafin auren, don haka maganar gida tana hannun yayan Malam, Alhaji Babba. Shi kuwa tun ranar farko bai amince ba. Ko sunanta ba ya kira, sai dai "wannan matar". Da aka yi waya cewa ta haihu, namiji, an yi mata aiki aka ciro shi, an kuma sa masa sunan Malam, sai Injiniya ya aiko mini da takardun tafiya in je in kula da mai jego.

Ana gobe zan tashi Alhaji Babba ya zo sallama. Ya zauna a zaure ya ce, "Rabi, tunda za ki, ga saƙo. Ki gaya masa ya sallami wannan matar, ya aiko da yaron gida a raine shi cikin danginsa. Mu za mu nema masa mata a nan. Uwa ce ke, zai ji maganarki."

Na ce, "Na ji, Yaya." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Duk wadda ta san ni ta san ba na musu da manya.

Na ɗaure kayana: kanwa, garin gero, daddawa, kuka, busasshen zogale, ganyen darbejiya na wanka, da man shanu a gwangwani. Motar haya ta kai ni Kano. A filin jirgi aka fara karɓe man shanun, wai ba a shiga da shi a jakar hannu. Na ce wa ma'aikaciyar, "'Yar nan, na mai jego ne." Ta ce, "Mama, ko na sarauniya ne ba zai wuce ba." Na bar mata na ce ta kai wa uwarta, kada ya tafi a banza.

A cikin jirgi kusa da wata Hajiya 'yar kasuwa na zauna, mai zoben zinari a kusan kowane yatsa, ita wucewa za ta yi gaba saro kaya. Ita ta ɗaure mini bel, ta nuna mini yadda ake buɗe ƙofar banɗaki, don na tsaya ina ja alhali turawa ake yi. Mutuniyar kirki ce, sai dai da ta ji inda za ni ta riƙe haɓa.

"Filifin? Ɗanki injiniya guda? Ai su ne masu wanke-wanke da rainon yara a can. Sannu, Hajiya. Allah ya ba ki haƙuri."

Na ce amin. Na juya ina kallon taga, ba a ganin komai sai fari.

A Doha aka tsayar da ni gaban wata na'ura aka ce in buɗe ido sosai. Na buɗe har hawaye ya zo. Sannan aka buɗe jakata. Ma'aikacin ya ɗaga kanwa yana juya ta, yana yi mini Larabci, yana yi mini Turanci, ni kuma ina cewa "kunu, kunu". Sai ga wani baƙin dattijo cikin kayan aiki ya matso ya leƙa. Ya ce, "Hajiya, kanwa ce? Wa ya haihu?" Ashe Bahaushen Sudan ne, kakanninsa a hanyar Makka suka tsaya. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce. Ya yi musu bayani. Da suka kai ga ƙullin daddawa kuwa ba su nemi bayanin kowa ba, da sauri aka ja zif aka ce in wuce.

Injiniya yana jirana tare da abokinsa Malam Sale, mutumin Zariya, direba ne ya daɗe a ƙasar har gemunsa ya yi furfura. Muna fitowa daga ginin na ji kamar an buɗe mini murfin tukunya a fuska. Zafinmu na bazara wasa ne. Malam Sale ya ce, "Yalla, Inna, shiga mota kafin ki dahu." Tun daga nan har gida bakinsa bai rufu ba, kuma na ji daɗin haka, domin ni da ɗan fari ba mu saba doguwar magana ba. Ko sunansa ban taɓa kira ba. In zan yi masa magana sai in kalli gefe in ce "kai". Haka aka raine ni, haka na raine shi.

Gidansu a unguwar da ake kira Old Airport yake, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. Ba tsakar gida, ba inda za ka shanya ko zani sai wani ɗan lungu a bayan kicin. Famfon ruwan sanyi da rana tafasasshen ruwa yake kawowa. Ɗaki kuma sanyin na'ura har cikin ƙashi, da rigar sanyi nake kwana a ƙasar da ake soya ƙwai a rana.

A nan na fara ganin surukata. Ta fito tana dafa bango, 'yar ƙarama, fara, fuskarta duk ta faɗa. Ni ina jiran ta tsaya nesa ta sunkuyar da kai yadda muka saba, sai kawai ta kamo hannuna ta kai goshinta. Na firgita na fizge. Ta tsaya da hannu a sama. Daga baya na san cewa a wurinsu wannan ita ce gaisuwar girmamawa mafi girma, irin durƙuson da muke yi.

Bayanta uwarta ce, Nanay Luz. Nanay a yarensu Inna ke nan. Gajeriya ce kakkaura, sa'ata, gashi a yanke, da carbinsu na Kirista a wuya. Ita ma daga ƙasarsu ta zo jegon. Ita ke rungume da jaririn. Ta miƙo mini shi, na karɓa.

To ku da kuke karantawa kun san abin da kaka ke yi in aka miƙa mata jika namiji. Na dube shi na ce, "Kai, wannan mijin nawa mummuna ne! Dubi hanci kamar an taka. To ka yi sauri ka girma, ana yaye ka zan zo in ɗauke abina mu tafi Malumfashi, ba mai ƙara ganinka." Ina yi ina dariya, zuciyata kuwa kamar ta fashe don murna, goshin marigayi Malam ne sak. Maryam ta tambayi mijinta me na ce. Ya faɗa mata da Turanci, ita kuma ta faɗa wa uwarta da yarensu. Ban ankara ba Nanay Luz ta zare yaron daga hannuna, ta tura 'yarta ɗaki, ta rufe ƙofa.

Na ce a raina gajiya ce. Gari ya waye, ƙofa a rufe. Na dama kunun kanwa na aika Injiniya da shi, ya dawo da shi ko taɓawa ba a yi ba. Na tafasa ruwan wanka da darbejiya, ya huce a bokiti. In Nanay Luz ta fito kicin sai ta ja ƙofar, ta yi abin da za ta yi ba ta kalle ni ba, ta koma. Ina jin kukan jikana ta bango. Wani lokacin ina jin kukan uwarsa ma, a hankali. Haka aka yi kwana da kwanaki, ni da na haye teku don jego ina zaune a falo ina kallon talabijin da ba na jin abin da yake faɗa.

Abubuwan da nake son tambaya kuma ba na aike ba ne. Nono ya zo? Jinin ya tsaya? Ɗinkin yana ruwa? Ta ina zan dubi ɗan farina in ce ya tambayo mini waɗannan? Ko da wuƙa a wuyana ba zan iya ba.

Ranar Juma'a Injiniya da abokinsa suka kai ni Fereej Abdel Aziz, unguwar da su Malam Sale ke zaune, maza cunkushe a ɗaki, masu gadi da direbobi, kowa da gadonsa a saman na wani. In an sauko masallaci sukan haɗu su tuƙa tuwo. Tuwon garin semo ne, miyar kuka kuwa ta yi ruwa, amma na ci don yaran sun yi ta "Inna, ƙara". Wani ɗan Gusau har da hawaye, wai muryata irin ta gyatumarsa ce. A hanyar dawowa, ina bayan mota, na daure na yi abin da ban saba ba. Na ce, "Kai. Ranar da na zo, me ka gaya musu na ce?"

Ya ce, "Abin da kika faɗa, Inna."

"Duka?"

"Duka. Cewa mummuna ne, kuma za ki ɗauke shi ba mai ƙara ganinsa."

Malam Sale ya taka birki har na dafa kujera. "La ilaha illallahu! Injiniya, da digirinka? Wasan kaka da jika ka fassara musu kamar takardar kotu?"

"Na gaya musu wasa ne daga baya. Ba su yarda ba." Sannan ya ce, "Sun san saƙon Baffa. Ya turo mini murya tun kafin ki taso, ya ce ke za ki zo da maganar. Maryam ta ga yadda na koma, ta matsa, na gaya mata. Ba na ɓoye mata abu."

Sai komai ya fito mini fili. Matar nan tana kwance da ɗinki a ciki, ta san an aiko tsohuwa ta raba ta da miji da ɗa. Tsohuwar ta iso, ta fizge hannu, ta kuma faɗa da bakinta. In ni ce Nanay Luz, ba rufe ƙofa kaɗai zan yi ba, kujera zan jingina mata.

Injiniya ya ce, "Bari in sake yi musu bayani."

Na ce, "A'a. Daga yau ka daina fassara musu maganata. Da bakina na ɓata, da bakina zan gyara. Malam Sale, kana jin yarensu?"

"Tagalog? Kaɗan-kaɗan, Inna. Rabin garejinmu su ne. Na iya gaisuwa, na iya ciniki, na iya zagi."

"Riƙe zagin. Ba ni sauran."

Injiniya ya juyo. "Inna, don Allah. Dariya za su yi miki. In koyo za ki yi, ki koyi Larabci mana, ko ba komai kin ƙaru."

Na kalli taga na ce, "Larabcin da zan gana da Ubangijina na iya shi. Wadda ta rufe mini ƙofa ba Balarabiya ba ce. Dariya kuwa, da furfurata na zauna a benci ina a, ba, ca, yaran unguwa suna leƙe ta taga. Ban mutu ba." Ina jin tunda na haife shi bai taɓa jin na yi magana mai tsawon wannan ba.

Malam Sale ya riƙa turo mini murya a waya, ina saurara ina maimaitawa ina wanke-wanke. Yadda na rubuta su a nan Maryam ce ta gyara mini daga baya. Magandang umaga, ina kwana. Kumusta, yaya kike. Salamat, na gode. Oo, e. Hindi, a'a. Tubig, ruwa. Mainit, da zafi. Masarap, da daɗi. Magkano, nawa ne. Ya ce in ina magana da babba in riƙa ƙara po a ƙarshe, shi ne ladabinsu, kamar yadda muke cewa ranka ya daɗe. Wannan magandang ɗin ta ba ni wuya. Akwai wani sauti a ƙarshenta da ke maƙalewa a hanci, sai na yi kamar mai mura.

A babban kantin da ke ƙasan layinmu na fara gwadawa. 'Yan matan da ke karɓar kuɗi duk 'yan Filifin ne. Na ajiye albasa na ce, "Magandang umaga po." Yarinyar ta ɗago, ta dubi hijabina, ta dubi fuskata, ta ƙwala wa 'yar'uwarta kira. Kafin ka ce me sun taru su uku. Sun yi dariya, ba zan ɓoye ba, har ɗaya tana riƙe ciki, wai ni tsohuwa ina ce wa yarinya po. Amma ba irin dariyar da ake yi mini a nan ba ce. Suka sa ni na maimaita har ta fita daidai. Daga ranar kullum sai na sami abin saye, ko da ashana ce. Suna hango ni sai "Nanay! Kumusta po?" Su suka koya mini ingat, a sauka lafiya, da dahan-dahan, a hankali, da masakit ba, akwai ciwo? Wannan ta ƙarshe da nuni na roƙe ta, na dafa ciki na yamutsa fuska.

Har Souq Waqif Malam Sale ya kai ni, kasuwar da aka gina ta kamar ta dā, ga tsofaffin 'yan dako da baro suna bin mutum. Na sayi tukunya babba. A wani shagon shayi mai kawo kofi ɗan Filifin ne, na ce masa salamat, ya ƙi barina in tashi sai da ya ƙaro mini wani. Abin da na lura, a garin nan in kana jin Tagalog ba za ka ɓata ba. A kanti su ne, a asibiti su ne, a filin jirgi su ne. Larabawan ƙasar kuwa sai dai ka hango su cikin mota.

Maganar da nake bukata ta gaske ba ta cikin na ciniki. Na gaya wa Malam Sale da Hausa, ya je ya samo wani dattijon makanike a garejinsu, ya faɗa masa, shi kuma ya yi mini muryar da kansa, a hankali, sau da yawa. Ya kuma aiko da ƙari. Wai in na je ƙofar kada in ƙwanƙwasa kawai, in ce tao po. Ita ce sallamarsu, ma'anarta ga mutum a ƙofa. Kuma wai uwar miji da uwar mata suna da sunan da suke kiran juna, balae. Na kwana biyu ina juya su a baki, har a kan sallaya bayan na shafa addu'a.

Da safe bayan Injiniya ya tafi aiki na dafa kaza da zogale, romo-romo, ba yaji sosai. Na ɗauko kwanon na tsaya a ƙofar.

"Tao po."

Sai na ji Maryam ta yi magana ƙasa-ƙasa. Na sake cewa, "Tao po, balae."

Ƙofa ta buɗe kaɗan. Nanay Luz ta cike wurin da jikinta.

Na ce, "Pasensya na po." A yi haƙuri. Na nuna gadon jaririn da haɓa na ce, "Hindi ko siya kukunin." Ba zan ɗauke shi ba. Na nuna ta, na nuna kaina. "Apo natin." Jikanmu ne, ni da ke. Sannan na leƙa ta saman kafaɗarta na sami idon Maryam na faɗi ta ƙarshen, wadda na fi tsoron in ɓata. "Anak na rin kita." Ke ma 'yata ce.

Maryam ta rufe fuska da filo. Nanay Luz kuwa ta buɗe baki ta zubo mini magana kamar ruwan sama a kan kwano, tana nuna ni, tana nuna waya, tana nuna 'yarta. Ban tsinci komai ba sai "Baffa", sau biyu. Na ce, "Dahan-dahan po." Ta tsaya. Ta sa hannu a kunne kamar mai waya ta ce, "Baffa?" Ta ɗaga gira.

Na ce, "Hindi." Na maimaita da ƙarfi, har ni kaina na ji muryar ta yi mini baƙo. "Hindi!"

Ta buɗe kwanon ta sunsuna, ta tsamo ganye ɗaya ta duba. "Malunggay," in ji ta. Na ce, "Zogale." Ashe su ma shi suke ba mai jego don nono, da kaza, kamar yadda na yi. Ta karɓi kwanon ta shiga ta rufe ƙofa.

Kada ku ce daɗin labari zan yi muku. Ba a ba ni yaro ranar ba. Amma kwanon ya fito wayam. Washegari da na fito daga wanka na tarar an bar ƙofar a buɗe, an kuma ajiye kujera kusa da gado. Na yi tao po duk da haka. Nanay Luz ta ce, "Tuloy," shigo. Maryam ta yunƙura ta kamo hannuna, wannan karon na bar mata, na ɗora ɗayan a kanta na sa mata albarka da Hausa. Na dafa cikina na ce, "Masakit ba?" Ta ce, "Kaɗan, Inna." Ashe ita ma ta daɗe tana tara Hausarta, tsoro ne ya hana ta fito da ita.

Sai rigimar wanka. Mu a wurinmu mai jego ruwan zafi safe da yamma. Su a wurinsu mai jego ba ta taɓa ruwa sai an kwana da yawa, wai sanyi zai shige ta. Maryam nas ce, ta san likita ya hana ruwa mai ƙuna a kan ɗinki, ta kuma san rashin wankan ba shi da amfani, a ɓoye take goge jiki in uwarta ta yi barci. Da ɗinkin ya kame aka sa ranar wankan ganye, don su ma suna da shi. Nanay ta kawo ganyen gwaiba, na kawo darbejiya, muka zuba a sabuwar tukunyata. A banɗaki ta tsoma hannu ta yi tsalle. "Mainit! Mainit!" Ta ƙara na sanyi. Na tsoma nawa na ce, "Hindi mainit," na ƙara na zafi. Ta ƙara, na ƙara, har bokiti ya cika ya zube mana a ƙafa. Maryam tana zaune a kan kujerar roba tana dariya tana riƙe ciki tana cewa mu bari, ciwo. A ƙarshe ita ta tsoma nata hannun ta ce haka ya yi.

Don haka masu tambaya ko na yi mata wankan jego irin namu, ban yi ba. Ba ta kwanta gadon wuta ba, ba ta yi arba'in tana shan ruwan zafi ba. Kunun kanwa cokali biyu ta sha ta ce salamat po, na gane, na shanye abina. Lafiyarta lau, yaro yana tsotso har yana shaƙewa.

Sauran zamana a kicin muka yi shi ni da balae. Suna cin shinkafa fara safe, rana da dare. Suna dafa kaza da ruwan tsami har ta yi baƙi. Akwai miyar kifi da suke yi da tsamiya, ita kam na ce masarap da gaskiyata. Da na ba balae tuwo ta gutsura ta tauna ta tauna, na nuna mata haɗiyewa ake yi, ta zaro ido. In zan yi salla takan kashe talabijin, in ta ɗauko carbinta nakan ɗauke yaron in fita da shi falo. Ba mu taɓa zama mun shirya haka ba. In baƙo ya yaba jariri sai ta lakato yawu ta shafa masa a ƙafa tana wata magana, maganin baki. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne, na bi da tubarkalla da tofi. Yaron nan dai ya sha yawun kakanni.

Ranar da zan taho ta cusa mini busasshen mangwaro a jaka, ta rungume ni a gaban mutane, abin da ban saba ba. Ta ce, "Ingat, balae." Na ce, "Salamat, balae." Sauran abin da ke bakina ba ni da shi a yarenta, ita ma haka, sai muka tsaya muna gyaɗa wa juna kai har Malam Sale ya ce, "Khalas, ya isa haka, Inna, jirgi ba ya jiran surukai."

Kwana biyu da dawowata Alhaji Babba ya zo. Bayan gaisuwa da ban gajiya ya ce, "To, Rabi, me ya ce?"

Na ce, "Bai ce komai ba, Yaya, don ban gaya masa ba."

"Kin manta?"

"Ban manta ba. Na tafi da saƙon, na dawo da shi. Ba zan faɗa ba, ko yanzu ko gaba. Yarinyar nan 'yata ce, na gaya mata haka da yarenta, ba kuma zan janye ba. Yaro yana wurin uwarsa."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Tun ina amarya yake shigowa gidan nan, bai taɓa jin a'a daga bakina ba. Ya ce, "Kin san abin da kike yi? Duk abin da ya biyo baya, ke za ki ɗauka. Kada a zo mini."

Na ce, "Na ɗauka."

Ya tashi ya sa takalmi. Ya kai bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce, "Shi yaron da wannan matar ta haifa, da wa yake kama?"

Na ce, "Da ƙanenka. Har goshin."

Ya daɗe a tsaye. Wayata tana hannuna, hotunan yaron cike a ciki, ya kuma san suna ciki. Ban miƙa masa ba. Ranar da ya kira uwar yaron da sunanta, zai gani.